Jarrabawar Ɗinki a Saman Rumbu

"Namadi, in ƙullinka ya sake kwancewa yau, sai ka maimaita shekara," in ji Dakta Sahura daga cikin waya.

Namadi ya gyara zama. Duk ƙauyensu na bayan Gummi babu inda sabis ke kamawa sai saman rumbun babansa. Can ya ɗare da faranti da allura da cinyar kazar da zai ɗinke, 'yan ajinsu na koyon likitanci suna kallo ta bidiyo.

"Kai Namadi, cinyar ga ta miyar babanka ce fa!" Inna ta ƙwala daga ƙasa.

Ya tsaga fata, ya ɗinke, ya ƙulla, gumi na ɗiga. Kafin ya yanke zaren, sai fuuu, shirwa ta sure cinyar!

Amma bakin zaren na hannunsa. Shirwa ta ja, Namadi ya ja. Inna na salati, kaji na watsewa. Da ƙyar shirwa ta haƙura, cinyar ta dawo ta mare shi a goshi.

Ya sunkuyar da kai, ya san tasa ta ƙare.

"Matso da ita," in ji Dakta. Ta ƙura ido. Ƙulli na nan daram.

"Shekara da shekaru nake neman yadda zan gwada ƙarfin ƙulli daga nesa. Ka wuce, Namadi. Basma, ke ce gaba. Akwai shirwa a garinku Bukkuyum?"