Wa Ke Shan Zumar Farfesa?

Sau uku Auta tana kai wa Farfesa batun binciken da take son yi na kammala digiri, sau uku yana zabga masa jan biro. Saura wata biyu a rufe karɓa. Ƙawayenta a sashen kimiyyar binciken laifuka duk sun yi nisa da nasu, ita ko kullum tana zaune a ofishinsa da fayil a cinya, tana jiran ya dawo daga aji.

Ranar wata Litinin Farfesa ya buɗe durowar ƙasa, ya ɗaga kwalbar zumarsa, ya ƙura mata ido. A nan yake ɓoye ta tun da likita ya hana shi zaƙi, matarsa kuma ta kafa masa doka a gida. Zumar ta ragu da kusan yatsa biyu.

"Wani na sha mini zuma," ya ce.

"Subhanallahi! A ofishinka, ranka ya daɗe?" in ji Auta. Sannan ta ƙara da cewa, "Ai kwalba tana riƙe zanen yatsu."

Farfesa ya dube ta, ya dubi kwalbar. "To ga batunki nan. Kamo mini ɓarawon, in sa miki hannu."

Auta ta duƙufa. Ta barbaɗa wa kwalbar baƙar hoda, ta ɗebe zanen da salatif, ta manna a kati. Ta bi sakatariya da mai shara da malamai goma sha ɗaya, har da Farfesan kansa, kowa ya dangwala yatsunsa a tawada yana tsaki. Mai kula da ɗakin gwaji ya dangwala nasa yana mitar safar hannu ta roba da ke ƙarewa a kwali ba dalili. Zuma kuwa ba ta fasa raguwa ba.

Ranar kare bincike, malamai biyar suka jeru, Farfesa a tsakiya yana murmushin wanda zai ga an kama ɓarawonsa. Auta ta haska hotuna a bango: zane talatin da huɗu aka samu a jikin kwalbar, duk na mutum ɗaya.

"Na wa?" in ji shugabar sashe.

Auta ta sunkuyar da kai. "Na Farfesa ne, ranki ya daɗe."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Shugabar sashe, wadda ƙawar matarsa ce, ta zare tabarau ta ce, "Au, ashe zuma kake sha a ofis?"

Gumi ya karyo wa Farfesa. Kafin kowa ya sake jefo tambaya, ya ce aikin ya yi kyau matuƙa, ya rattaba hannu, ya roƙi a tashi haka nan.

Auta ta isa gida da la'asar tana rawa tun daga bakin ƙofa. Mahaifiyarta ta rungume ta, ta sa mata albarka, sannan ta leƙa cikin jakarta.

"Ke Auta, to yau ina zumar tamu? Wadda kike ƙullo mana a safar hannu?"