Kaskon Awara da San Watanda

Akwai mutanen da in tsoro ya kama su, ba sa tsayawa su duba abin da ya cije su. Waiwayawa suke su nemi wanda ba shi da mai tsaya masa, su rufe shi da duka, sannan su koma gida suna cewa sun yi maganin abin. Sun san kansu, ba sai na kama suna ba. Gyara zama in ba ka misali.

Wata bazawara ce a wata unguwa, sana'arta awara. Ta jiƙa waken suya, ta kai markaɗe, ta tace, ta dafa, ta zuba ruwan tsami ya dunƙule, ta ɗaure a buhu ta danne da dutse. La'asar na yi ta kafa kasko a ƙofar gida. Yaran unguwar kaf a gaban kaskon nan suka tashi, wanda bai zo da ko sisi ba ma yakan samu guntattaki a tafin hannu. Da shi take ci da 'ya'yanta, ba ta da wani abin. Dusar waken kuwa takan miƙa ta katanga ga maƙwabcinta, wani mai turka shanu. A wurinsa mazan unguwar ke haɗa hannu su sayi sa su yi watanda, a yanka, a kasa nama kashi-kashi, kowane gida ya ɗauki rabonsa. Ta wannan katangar take ganin yadda ake kawo masa sa ƙashi da rai, haƙarƙari a waje, ya yi ta ɗirka masa allurar ƙiba yana barbaɗa masa wasu ƙwayoyi a dusa, kafin wani lokaci san ya cika ya batse, tozo na rawa. Wani sa'in jiya allura, yau wuƙa.

Ana nan sai 'yar wani magidanci, yarinyar da ba ta wuce shekara takwas ba, ko famfara ba ta gama ba, ta fara ƙirgar dangi. Ta daina shiga gaɗa, ta koma tafiya a duƙe tana rungume da jakar makaranta, uwarta ta rasa barci. A asibiti aka ce abin kan zo ta hanyoyi da yawa, ko gado, ko ƙiba, ko abin da ake ci, sai an bi a hankali an bincika. Uban kuwa haƙurinsa bai kai nan ba. Ya ji wani saƙon murya da ke yawo a waya, wai waken suya na ɗauke da sinadari mai kama da wanda ke balagar da 'ya mace. Ya kai maganar majalisa, majalisa ta kai ta gidaje, aka hana yara zuwa gaban kasko. Matan da ke aiko wa mai awarar aron gishiri suka koma wuce ta ba sallama. Ta soya, ta zauna tana korar ƙuda, abin ya kwana ya yi tsami ta zubar. Ba ta riƙe uwar yarinyar a zuci ba, don ita ma mai 'ya'ya mata ce, ta san irin wannan fargaba. Ran nan ta yafa mayafi ta je zauren uban, ta durƙusa suka gaisa, ta ce, "Malam, ni ba likita ba ce, ban ce wake ba shi da nasa ba. Amma tawa ta girmi taka, da awara take karyawa, da ita take kwana, ga ta nan har yanzu kamar tsinke. In za a tuhumi kaskona, a leƙa turken can ma." Ya ce, "Ke dai ji da wakenki. Mutumin da ke mana ragi, har ya ƙara mana da kayan ciki?" Sai ta tashi. Ta ɗauke kaskonta ta koma bakin tasha cikin direbobi da hayaƙin mota, tana barin 'ya'yanta su kaɗai har bayan magariba. Ranar watanda ta zagayo, ta leƙa ta katanga, ta ga uban nan shi ke riƙe da ƙafar sa ana fiɗa, 'yarsa na tsaye gefe a duƙe da kwano tana jiran kason gidansu. Tausayin yarinyar ya hana ta ƙarasa tatar waken ranar.

Ni ban rantse cewa allurar ce ba. Ban sani ba, su ma ba su sani ba. Amma abu biyu ke shiga bakin yaran nan, ɗaya kaɗai aka kama, wanda mai shi ba ta da wurin zama a majalisa. Shi ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki. In ka ce ƙarya nake, faɗa mini ranar da unguwarku ta taɓa tsayar da mai sa ta tambaye shi me ya ɗura masa kafin a sa wuƙa.