Jadawalin da Ya Ƙi Biyar

Karo na huɗu ke nan Kuwabara yana goge ƙungiyar Noguchi daga jadawali, karo na huɗu kuma yana wayar gari ya tarar ta dawo.

Su shida ne, tsofaffin maƙeran jirgin ruwa a garin Kure na ƙasar Japan, kowa da ƙungiyarsa ta ƙwallon besbol a cikin wasan kwamfuta, shekara goma sha ɗaya ana gwabzawa. Kuwabara ne mai tsara jadawalin kaka. Da Noguchi ya rasu suka koma biyar, biyar kuwa ba ta rabuwa biyu-biyu, kullum sai ƙungiya ɗaya ta yi zaman kashe wando. Ya sha fama kafin ya daidaita ranakun. Washegari sai ga shida cif, har an jera wa ƙungiyar mamacin 'yan wasanta masu jifan ƙwallo, jeri irin na gwani.

Mutum biyu ne ke da mabuɗin taɓa jadawalin. Ɗaya shi ne, ɗayan kuwa Noguchi, wanda tokar gawarsa ke cikin tulu.

Ba banza ba tsoro ya kama shi, ya san abin da ya shuka. Kofi bakwai Noguchi ya ɗauka, mutumin da in ka tambaye shi dabara sai ya sosa ƙeya ya yi dariya ya ce sa'a ce kawai. Wannan dariyar ta daɗe tana ci wa Kuwabara rai. Bara hassada ta ja shi ya jera masa wasa ashirin a waje, a filayen abokan karawa, ba hutu, masu jifansa suka gaji tilis, kofin ya suɓuce. Ya ce kuskuren na'ura ne. Noguchi bai ce uffan ba har ya bar duniya.

"Ruhi kwana arba'in da tara yake yi kafin ya wuce," in ji Hamasaki, ɗaya daga cikin abokan, da ya ji labarin. "Kwantar da hankalinka, tsoho. Ko a raye ai ba shi da naci."

Kuwabara ya yi ta ƙirgen kwanaki. Ran na hamsin da hantsi ya kunna kwamfuta, ya tarar da ƙungiyar na nan daram, ga kuma saƙo da sunan Noguchi: "Wasa ashirin a waje. Ba na'ura ba ce."

Ya sayi turaren tsinke da kwalin wainar wake mai zaƙi, ya nufi gidan marigayin. Fumie, matar marigayin, ta rage sautin rediyon da ke kawo wasan besbol na ranar, ta kai shi gaban hoton mijinta.

Ya kunna turaren, ya durƙusa, goshi a ƙasa.

"Noguchi, ni ne. Da gangan na yi, baƙin ciki ne ya ci ƙarfina. Ka yafe mini, ka tafi ka huta."

Hayaƙin ya yi ta tashi. A bayansa ya ji Fumie ta ajiye kofin shayi a hankali.

"Kuwabara-san, kada ka wahalar da gwiwoyinka a nan," ta ce. "Mai gidan nan ko kunna kwamfuta bai iya ba, kunya ce ta hana shi gaya muku. Ni nake buga masa duk shekarun nan. Ni ka cuta, ba shi ba. Juyo nan ka nemi gafarar."