Shafi Biyar Bayan La'asar

Bayan La'asar Nimra ta jawo wayarta daga ƙarƙashin filo ta duba. Shafi na ɗari biyu da sha biyar. Jiya a ɗari biyu da goma yake. Ta shafa cikinta, ta ce a hankali, "Ka gani? Babanka ya ƙara gaba."

Dabarar mijinta ce, Shahzeb. Duk shekara yakan ɗaure kaya a babur ya hau duwatsun arewacin Pakistan. Da ya gaji da littattafan da ruwan sama ke jiƙa masa, sai ya sayi allon karatu na lantarki, ya zuba littafin jagorar hanya na Turanci a ciki. Ranar da ya kawo ta goyon ciki gidan iyayenta a Mansehra, ya haɗa allon da wayarta. Duk masaukin da ya samu intanet, shafin da ya tsaya zai fito a wurinta.

"Kullum garin da zan shiga gobe nake karantawa. Kin ga ba sai kin tambayi kowa ina nake ba, sarauniyar kunya."

"Kar dai ka tsallaka iyaka."

"Ina taɓa ƙofar Khunjerab ta iyakar Sin zan juyo. Ni zan yi wa yaron nan kiran salla a kunne, ba kawunki mai muryar tsohon babur ba."

Ta kai masa duka da bakin mayafi. Sannan ta ɗaura wa rigar allon jan zare, wai don ya riƙa tunawa da ita.

Kwana tara yana kira. A na goma shiru.

Da ma likita ta ce jininta ya hau, a kwantar da ita, kada a bar komai ya tayar mata da hankali sai ta sauka. Don haka daga kan gado take jin gidan. Ta ji Abbu, mahaifinta, ya rufe shagon ɗinkinsa ya tafi sayo yadi. Kwana biyu ya yi, ya dawo ba yadi. Daga bakin ƙofa ya tsaya ya ce mata, "Abokin tafiyar Shahzeb ya kira ni. Ƙasa ce ta zaftare ta tare hanya, wayar mijinki kuma ta faɗa kogi. Ki kwantar da hankalinki, 'yata."

Ta so ta nemi lambar abokin. Amma da wane baki 'ya za ta tsare mahaifinta da zancen miji? Ta sunkuyar da kai.

Kwana huɗu shafin bai motsa ba. Ta daina cin abinci, ko gurasar roti da aka jiƙa mata a shayi ba ta wucewa. A ƙarshe ta nuna wa Ammi, mahaifiyarta, wayar tana kuka. Ammi ta zauna tana matsa mata ƙafa, daga baya ta zare mata awarwaron gilas ɗaya bayan ɗaya.

"Hannunki ya kumbura. Sai kin haihu."

A rana ta biyar shafin ya motsa.

Tun daga nan bai sake tsayawa ba. Shafi biyar kullum, bayan La'asar. Da can Shahzeb yakan tsallake ashirin, gobe ya koma baya bakwai, amma ta ce gajiya ce ta koya masa tsari. Da ɗan Turancinta na aji shida take bin sunayen garuruwan da yatsa. Gilgit. Hunza. Sost. Abinci ya fara shiga, jinin ya sauka, likita ta yi murmushi.

Ran da shafin ya kai Khunjerab ta sa aka wanke mata koren mayafinta. Washegari ya wuce zuwa Kashgar, cikin ƙasar Sin.

"Maƙaryaci," ta ce wa wayar, tana dariya da hawaye. "Ka dawo ka same ni."

Mako guda bayan haka garuruwa suka ƙare. Abin da ya rage jerin sunaye ne da lambobi, layi bisa layi, irin na bayan littafi. Shafin ya ci gaba da tafiya, biyar-biyar. Nimra ta daɗe tana kallonsa. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta san ba wanda ya iya Turanci da zai zauna yana karanta wannan.

Ran nan da aka idar da La'asar, Ammi tana kan rufi tana kwashe shanya. Nimra ta dafa bango ta tashi. Yau kam, kunya ko ba kunya, sai ta karɓi lambar abokin nan.

Ƙofar ɗakin Abbu ba ta rufu sosai ba. Yana zaune kan dadduma, gemunsa a jiƙe, leɓɓansa na ƙirga ɗaya, biyu, uku, yana lasar yatsa kamar mai buɗe takarda kafin ya taɓa wani allo da gefensa ya tsage, jan zare na lilo a jikinsa.