Maganin Cikin Kawu Moctar

Rékia ta ƙulle koren garin a leda, ta yi bismilla, ta aika shi Bobigny, a gefen Paris. Haɗin ganyaye ne da mutanen Mongoliya ke sha in ciki ya ɓaci, kuma a kansa take binciken digirinta na uku a Villeurbanne. Masu gwajin da ta samu duk ɗacinsa ya kore su. Malaminta ya ce in ba ta kawo ko mutum ɗaya da ya jure ya ga amfani ba, a rufe aikin.

Kawunta Moctar kaɗai ya rage mata, ɗan kasuwar Bobigny da kumburin ciki ya hana shi sakat shekara da shekaru.

Matarsa Hajiya Fatou ce ta karɓi saƙon. Ita kuwa ba ta barin komai a leda. Yaji, kuka, daddawa, duk tsarabar da ta zo daga Maraɗi sai ta juye ta a tsohuwar kwalbar mayonez, ba rubutu ba alama, wai idonta ya isa.

Kullum da safe Kawu yakan dama cokali guda a ruwan ɗumi ya shanye. Kafin wata ya ƙare ciki ya kwanta. A waya saura kaɗan ya yi wa Mongoliya kirari.

"Ɗiyata, mutanen nan sun san magani! Ga yauƙi, ga daɗin haɗiya."

Ita dai Rékia ba ta san garin da yauƙi ba. Amma murna ta hana ta tambaya.

Ranar da za ta gabatar da sakamakon a Paris, ta biya Bobigny zuciyarta fes. Hajiya ta ajiye mata tuwo tana ba da haƙuri: kwanan nan miya ta ƙi ta, yara har sun koma cin burodi.

Rékia ta kai loma ɗaya. Ɗacin nan da ta sani kamar sunanta ya gauraye mata baki. Ta juya a hankali ta dubi Kawu, yana rungume da kwalbarsa yana murmushi.

Maganin Mongoliya a tukunyar miya ya ƙare. Abin da Kawu ya yi wata guda yana sha kukar Maraɗi ce.