Sunan da Ke Jikin Jirgi

"Na saki Dubravka," in ji Zlatko, attajirin da ofishinmu na birnin Split ya zana wa jirgin ruwa mai tafiya da iska. "A goge sunanta daga jikinsa."

"Haba, Šjor Zlatko!" na ce. Šjor shi ne "Malam" a wajenmu. "Jirgin da aka sauya wa suna teku ba ta barinsa. Ba matuƙin da zai hau."

Ya fice yana zagi. Na ɗauka ya fasa, aikin shekara biyu ya tashi a banza.

Ranar saka jirgin a ruwa sai ga shi da amarya.

"Šjor Frane," ya ce mini, "ga sabuwar matata, Dubravka. Na sha wuya kafin na samo mai sunan."

Tawa matar tana maƙabarta. Ashe ana samun safaya, ba wanda ya gaya mini.