Ranar da Ƙwayoyin Huhu Suka Fusata

Hannunta riƙe da farantin gwaji ya kai bakin kwandon shara ke nan, tsohon da ke kula da ɗakin gwaji ya ce, "Dakata, 'yata. Auna tukuna."

"Me zan auna, Baba? Na ɓata shi!"

Wata bakwai tana renon ƙwayoyin garkuwar huhu a faranti, tana jiran su fitar da sinadarin da suke kashe cuta da shi. Kullum ɗan ɗigon cuta take sa musu, kada su mutu. Kullum shiru. Jibi za a rufe binciken, ga shi jiya ta yi kuskure ta zuba ninki goma.

Baba ya tare kwandon da ƙafa. Ita da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ga ta tana faɗa har ana leƙowa. Ta dai auna, don ya ƙyale ta.

Layin da ke kan allon na'urar ya cilla sama.

Ta dafe baki, dariya da hawaye suka zo mata tare.

"Wata bakwai kina lallaɓa su," in ji Baba yana ƙyaƙyatawa. "Ashe halinki suka ɗauko, ke uwarsu. Sai an tsokane su."